Jiniya, Birai da Irin Masarar Babanmu

Yau da safe wani gwaggon biri ya ƙwace mini burodi har cikin shago, kuma da na tambayi masu sani, sai aka ce doka tana bayansa.

Ga yadda abin ya faru. Na buɗe shago, na yi shara, na ɗiga wa keken ɗinki mai, na ajiye burodina a kan teburin yanka ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Sai ga motar asibiti ta wuce kan titi tana kwarara jiniya. Na ce Allah ya ba mai ciwo lafiya, na sunkuya neman zare a ƙarƙashin tebur. Ɗagowar da zan yi, sai ga baƙo zaune daram a kan taga. Ya miƙo hannu ya ɗauki burodin har da ledarsa, ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa mai neman aiki a ofis, sannan ya juya a tsanake. Ni kuwa na zaro almakashi na ɗaga.

Maƙwabcina Mai Faci ya daka mini tsawa daga rumfarsa.

"Tela, sauke hannunka! Dukiyar ƙasa ce fa! Ka kuskura ka taɓa shi, sauran ɗinkinka a gidan yari za ka ƙarasa."

Na ce, "To burodina fa?"

"Burodinka ya shiga hidimar ƙasa. Kamata ya yi ka yi alfahari."

Na sauke almakashin. Amma ba tsoron doka ne ya sa na sauke ba, kuma dalilin ne ya sa yau na ajiye allura na ɗauki alƙalami. Ku gyara zama.

Ga waɗanda ba su san mu ba, garinmu a gindin dutse yake. Dutsen kuwa gandun daji ne na ƙasa, da birai da gada da tsuntsaye da ruwan da ke gangarowa daga sama, kuma ƙofar shigarsa ba ta fi nisan kira daga shagona ba. Tun tasowarmu akwai kunya tsakaninmu da biran nan. Su suna can sama suna cin 'ya'yan itace da tonon saiwa, mu muna ƙasa muna fama da namu. In ɗaya ya kasa haƙuri ya leƙo gona, gwangwani kawai za ka buga, ya ruga yana waiwaye, don shi ma ya san bai kyauta ba. Biran da ke nan, masu tarbiyya.

Sai Allah ya azurta mu da Shirin Inganta Gandu, da kuma jagoransa, Mai Girma Uban Duwatsu da Kwazazzabai, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi.

Ni tela ne, ban yi karatun daji ba, amma duk wanda ya taɓa hawa dutsen nan ya san ciwonsa. Ruwa ya cinye hanyar hawa. Gadar katakon da ke kan rafi ta ruɓe, sai ka yi salati kafin ka taka. Masu gadin daji da silifa suke sintiri, ɗaya ma da igiya yake ɗaure nasa. Ban-ɗakin baƙi ba ƙofa, sai dai mutum ya shiga yana tari don a san da shi. To manya sun ga duk wannan, sun kuma ɗauki mataki. Suka tafi wani otal a birni, inda ko suri babu balle tudu, suka yi taron bita a kan dutse. Da suka dawo, suka shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti. Suka gina ƙofa mai tsayi, suka ɗora mata zakunan siminti hagu da dama, alhali kakana ma bai taɓa jin labarin zaki a dutsen nan ba. Suka kafa allo mai hotunan dabbobin gandu, da hoton Mai Girma a tsakiya, wanda ya fi na dukan dabbobin girma ko da an haɗa su. Wata tsohuwa da ta zo wucewa ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko shi ma a cikin dajin yake kwana.

Ni ma na sami rabona, kada a ce hassada nake. Ni aka ba ɗinkin jan ƙyallen da za a yanka ranar buɗe ƙofa, na kuma zage na yi shi da kyau, har da kalmasa baki. Ku riƙe maganar jan ƙyallen nan, za mu dawo kanta.

Ana cikin shiri sai matsala ta ɓullo. An yi gwaji, an taho da motoci da jiniya kamar yadda za a yi a ranar, sai duk wani mai rai a dutsen ya yi ta kansa. Ko ƙadangare bai tsaya ba. To ina amfanin gandun daji in manyan baƙi sun zo da kyamarori ba su ga komai ba sai zakin siminti? Da ni da kai ne, da sai mu ce a kashe jiniyar. Shi ya sa ni da kai ba mu zama manya ba. Shawarar da aka yanke ita ce a bar jiniya yadda take, a gyara biran.

Aikin ya faɗa kan Kofur, wani mai gadin daji da muka yi wasan ƙasa tare. Bai taɓa shiga soja ba, tafiyarsa ce ta jawo masa sunan. Kullum da hantsi sai ya cika bayan motar gandu da ayaba da gyaɗa, ya kunna jiniya, ya zo bakin ƙofa ya zube, ya koma gefe ya rungume hannu.

Na ce masa, "Kofur, wannan kuma wane irin aiki ne?"

"Horaswa ce, Tela. A ofis sunanta wayar da kan namun daji."

"Yaran garin nan fa, wa zai wayar musu da kai da ayaba?"

"Su ba sa cikin shirin. Ba su da wutsiya."

Da farko biran daga nesa suke leƙe. Daga baya ƙanana suka fara saukowa a ɗarare. Ba a jima ba, da jin jiniya sai ka ga kamar dutsen ne ke motsi. Babbansu shi ne wannan da ya ziyarce ni yau, wani ƙato mai furfura a kafaɗa, wanda 'yan gari suka laƙaba wa Manaja, saboda ba kasafai yake ɗauka da hannunsa ba. Zama yake a wuri mai tsayi har sai ƙanana sun tara, sannan ya sauko ya karɓe.

Ranar buɗe ƙofa kuwa, a faɗi gaskiya, abu ya yi kyau. Jiniya ta tashi, birai suka sauko a jere, suka zauna gefen hanya suna miƙa hannu, har ba ka iya bambance layinsu da na 'yan maraba sai ta hula. Mai Girma ya yanka jan ƙyallena, aka tafa. Ya yi jawabi ya ce wannan ne karo na farko a tarihi da dabba ta fito da ƙafarta ta tarbi ci gaba. Aka ci, aka sha, aka watse, aka bar mana ledoji.

Washegari ayaba ta tsaya cak. Kofur ya raɗa mini cewa har yanzu ana sayenta kullum, sai dai a hanya take ƙarewa, don akwai masu ƙafa biyu da su ma suke jin jiniya. Amma wa zai hau dutse ya yi wa biri bayanin kasafi? Sun riga sun ɗanɗana cin da ba gumi, tonon saiwa ya zama aikin ƙauyawa a wurinsu. Titin garinmu kuma babban titi ne. Yau motar asibiti, gobe ta kashe gobara, jibi wani ƙaramin babba da zai je gaishe da surukarsa. Kowacce ta yi kuka, birai su sauko bakin ƙofa, su tarar wayam, su waiga hagu su waiga dama. Abin da ke hannun dama kuwa, daf da gindin zakin siminti, gonar yayana ce.

A nan dariyata take ƙarewa, ku yi mini haƙuri.

Yaya manomi ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini keken da nake ci da shi, kuma har yau da furfura a gemuna Auta yake kirana. Mutum ne marar yawan magana, wanda ban taɓa ganin ya roƙi wani abu a wurin kowa ba. Abin da Baba ya bar mana ba shi da yawa, amma a ciki akwai irin masara. Gajeriya ce, fara mai ɗigon ja a jikin ƙwaya, ba ta tsoron sanyin dutse, iska ba ta kwantar da ita. Ba a sayar da ita a kasuwa. Maƙwabtan da a da suke karɓa duk sun koma irin kanti, yanzu gidanmu kaɗai ke da ita. Kowace shekara Baba yakan zaga gona ya zaɓi goyon da suka fi cika, ya yi musu alama, a bar su a jikin kara har ɓawonsu ya bushe ƙayau, sannan a rataye su a saman murhu hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Haka Yaya ya ci gaba da yi. Sai bara rufin ɗakin girki ya yi yoyo, irin ya ruɓe, abin da ya tsira bai cika ƙwarya ba. Bana Yaya ya shuka shi duka. Wato duk abin da ya rage na masarar Baba a duniya yana tsaye a cikin gonar nan.

Da masarar ta yi goyo, Yaya ya leƙo shagona ya ce, "Auta, ba ka da tsumma mai haske?"

Na kwaso masa ragowar jan ƙyallen buɗe ƙofa. Ya yayyaga shi siri-siri, ya je kusurwar gona ta wajen idon ruwa, inda aka fara shuka, ya ɗaɗɗaure goyon da ya zaɓa, don kada mutanen gida su karya su gasa.

Wata ranar kasuwa, kowa na cikin gari, motar banki ta wuce da jiniya. Kafin labari ya iso mu, birai sun gama da rabin gonar. Wanda bai taɓa ganin ɓarnar biri ba, ba zai gane ba. Ba goyo ɗaya yake ɗauka ya cinye ba. Ya karya, ya gatsa sau ɗaya, ya hango wani, ya yar da na hannunsa. Yaya ya tsaya a tsakiyar karan da aka kwantar, ya sunkuya ya ɗauki dutse. Kofur ya riƙe masa hannu.

"Yaya, don girman Allah. In ka jefa, ni za a sa in kama ka. Da wane ido zan ƙara shiga gidanka?"

Sai muka ɗunguma ofishin gandu, ni da Yaya. Ofis ne mai sanyi, da labule har ƙasa, da ƙaton hoton dutsenmu a bango, don tagar da ke kallon dutsen na gaske an toshe ta da kabad. Mai Girma ba ya nan, kamar kullum. Wanda muka samu shi ne Mai Riƙe Jaka, wani siririn mutum mai tashin turare, wanda aikinsa bin Mai Girma a baya da jaka, da kuma fara dariya in ya yi barkwanci. Ya saurare mu yana danna waya.

Ya ce, "An ji kokenku. Mai Girma da kansa zai jagoranci kwamitin duba ɓarna. Amma kafin nan, kada a taɓa ko kara ɗaya a gonar. Yadda biri ya bar ta, haka kwamiti zai same ta."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za su zo?"

"Manya ba sa faɗin rana."

Yaya ya cire hularsa yana murzawa. Na san abin da zai faɗa ya yi masa nauyi. "To alfarma ɗaya nake roƙo. In za su zo, su zo shiru. Kada a kunna jiniya."

Mai Riƙe Jaka ya ajiye wayar, ya dubi Yaya kamar ya yi saɓo.

"Shiru? Mai Girma ya shigo gari shiru, sai ka ce ɓarawo? To wa zai san ya zo?"

"Ranka ya daɗe, jiniyar ce ke kiran biran."

"Malam, jiniya ba ta kiran biri. Jiniya sanar da zuwan manya take yi. In biri ya ji ya fito, wannan biyayya ce, kuma da ku ma za ku yi koyi da shi, da an huta."

"To na yafe. Na janye ƙarar. A bar ni da abin da ya rage."

"Ba a janye kwamiti. An riga an rantsar da shi, an zuba wa motoci mai."

A hanyar dawowa na ce, "Yaya, mu wuce gona yanzu mu karye masu jan ƙyallen nan mu ɓoye, in ya so kwamiti ya zo ya duba kara."

Ya girgiza kai. "Ba su bushe ba, Auta. Irin da aka cire da ɗanyen ɓawo ba ya kai baɗi. Rana kaɗan suke nema."

Ko da ma ya yarda, da ba ta yiwu ba, don washegari aka girke Kofur a bakin gonar. Ba don ya tsare ta daga birai ba, don ya tsare ta daga mai ita.

Sai muka shiga gadi. Yaya ya kafa rumfa kusa da idon ruwa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana nan. Matarsa ta dawo da girkinta gindin rumfar, da murafen tukwane a shirye kusa da ƙafarta. Mai Faci ya gangaro da wani tsohon gammon ƙarfe na tayar babbar mota ya rataye a bishiya, wanda in ya doka shi har haƙoranka sai sun amsa. Ni kuma na riƙa rufe shago rabin yini ina zuwa da garwa, masu kaya suna zagina a gari, wai dama tela dalili yake nema. In ƙaramar jiniya ta wuce, birai su sauko, mu tashi da ƙara, su koma suna harararmu.

Wata rana muna zaune, matar Yaya ta dubi Kofur ta ce, "Wai kai da kake gadinmu, in na karya goyo ɗaya na gasa maka, kama ni za ka yi?"

Kofur ya ce, "Kama ki zan yi, amma sai na cinye."

Muka yi dariya, har Yaya ya ɗan murmusa. Ɓawo ya fara yin fari-fari. Kullum da safe Yaya yakan taɓa da yatsa ya ce saura ƙiris.

Sai ranar nan da hantsi muka jiyo jiniya daga nesa. Ba irin wadda muka saba ba ce. Ta gaba tana kuka, ta tsakiya tana amsawa, ta baya tana guɗa. Na ɗaga kai na dubi dutse. Wallahi masu karatu, ban san akwai birai masu yawan haka a ƙasar nan ba. Rabonsu da irin wannan jiniya tun ranar buɗe ƙofa, ranar da suka ci har suka kasa hawa. Har masu goyo da guragu suka sauko.

Yaya ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba: "Ku bar sauran! Ku zo wajen iri!"

Muka kewaye kusurwar nan, muka ba ta baya. Matar Yaya tana haɗa murafen tukwane, Mai Faci yana dukan ƙarfensa kamar shi ya yi masa laifi, ni ina jibgar garwa, Yaya yana kaɗa fartanya a iska ba tare da ya taɓa kowa ba, don dukiyar ƙasa. Kofur ya dubi motoci, ya dube mu, ya ce aikin banza, ya cire hularsa ya shigo layi yana kaɗa ta yana ihu.

Kwamiti fa? Kwamiti na cikin motoci a bakin gona, gilasai a rufe, ana ta ɗaukar hoto, jiniya kuma ba wanda ya tuna ya kashe. Na hango wani mai tumbi yana nuna Manaja da yatsa yana ƙyalƙyata dariya, ga alama ya gane tsohon abokin aiki.

Sau ɗaya kawai aka ci mu. Wasu ƙanana suka kutsa ta tsakanin ƙafafuna suka fizge 'yan goyo masu jan ƙyalle. Manaja ya tare su ya karɓe kamar yadda ya saba, ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya watsar cikin ciyawa. Ban kula da abin ba a lokacin, ina ta kaina.

Da suka ƙoshi suka juya. Gona ta kwanta gaba ɗaya, sai kusurwar idon ruwa da ke tsaye da jajayen tsummokaranta. Matar Yaya ta zauna a ƙasa tana haki tana hamdala. Yaya ya share gumi ya dube ni.

"Abinci ya tafi, Auta. Amma muna da abin shukawa."

A lokacin ne ƙofofin motoci suka buɗe.

Mai Girma ya sauko da takalmi mai sheƙi, hancinsa cikin hankici. Ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya gyaɗa kai ya ce, "Lallai dabbobinmu suna cikin ƙoshin lafiya." 'Yan kwamiti suka ce ƙwarai kuwa. Sai idonsa ya faɗa kan kusurwar.

To ku sani, babban mutum yana iya wuce ruɓaɓɓiyar gada bai gani ba. Yana iya wuce mai gadi ba takalmi bai gani ba. Amma ba ya wuce jan ƙyalle. Ina kallo yatsunsa biyu suka fara motsi da kansu.

Mai Riƙe Jaka ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi karamcin talakawa! Duk da abin da ya same su, sun ware maka tsaraba, har sun ɗaure da jan ƙyalle!" Ya zuge jakar. A ranar na san abin da ke cikin jakar nan da ake ta riƙo shekara da shekaru. Almakashi ne, don ba a san inda za a ci karo da abin buɗewa ba.

Yaya ya ajiye fartanya ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban matarsa da ƙanensa.

"Ranka ya daɗe, ba tsaraba ba ce. Iri ne, na shukar baɗi. Na mahaifinmu ne, shi kaɗai ya rage mana."

Mai Girma ya dafa kafaɗarsa, ya juya fuska wajen kyamara, ya yi murmushi. "Kada ka damu, dattijo. In ba tsaraba ba ce, to shaida ce. Kwamiti ba ya komawa hannu rabbana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in shaida ake nema, ga ta nan zube a ƙasa, da shatin haƙori a jiki."

Mai Riƙe Jaka ya zaro mini ido. "Kai tela, ka san da wa kake magana? Mai Girma ne zai sa ragowar biri a motarsa?"

Mai Girma ya yanka ƙyalle na farko, aka tafa. Direbobi suka ƙarasa sauran, ɓas, ɓas, ɓas, suka loda a but ɗin mota. Yaya na durƙushe bai tashi ba. Ni da nake da baki a shago, ni da ba wanda ke cin nasara a kaina a musu, na tsaya da garwa a hannu ina kallo ana kwashe irin Baba. Na ji kunya, na ji baƙin ciki, kuma har yanzu da nake rubutun nan ina ji. Suka tafi da jiniyarsu, ko biri ɗaya bai leƙo ba, don su sun san ƙoshi.

Da la'asar Kofur ya shigo gidan Yaya da buhu a kafaɗa, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya zazzage shi a tsakar gida. Masarar ce, baƙa ƙirin, wasu da ƙonannen jan ƙyalle a jiki. Ashe a masaukin baƙi aka hura gawayi aka gasa wa kwamiti shaidar. Da suka gatsa suka ji tauri, don iri ne da ya ƙosa, ba na gashi ba, sai suka ce talakawa ba su iya kyauta ba, aka zubar a bola. Matar Yaya ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya ajiye, ya shige ɗaki.

A rediyo kuwa an ce ziyarar ta yi nasara. An tabbatar birai sun ƙaru, manoma sun yi murna har sun ba da kyauta, kwamiti ya kuma ba da shawarar a sayo wa gandu sabuwar jiniya mai ƙarfi, wadda za ta kai har ƙolin dutse.

Washegari na je gonar na tarar da Yaya yana rarrafe cikin ciyawa a bayan idon ruwa, hularsa a ƙasa kusa da shi. Na leƙa cikin hular. Ƙwayoyi ne farare masu ɗigon ja. 'Yan goyon nan ne da Manaja ya gatsa ya watsar. Yaya ya tsinto su, yana ɓare gefen da haƙori bai taɓa ba, ƙwaya-ƙwaya. Duka-duka ba su cika tafin hannu biyu ba.

Na ce, "Za su tsiro, Yaya?"

"Wasu za su tsiro." Ya ci gaba da ɓarewa, can ya ce, "Shi dai birin ya rage mana wani abu."

Ya biyo ni shago ya ce in ba shi tsumma ya ƙulle su. Na miƙa hannu wajen ragowar ƙyallen nan, sai ya ce, "Ba ja ba, Auta. Nemo baƙi." Yanzu haka ƙullin yana rataye a saman murhu, ƙarƙashin rufin da ya gyara da hannunsa, kuma ko kaza ce ta shiga ɗakin girkin sai ya tashi ya duba.

To shi ya sa yau da safe na sauke almakashi. Da ruwan shayina ya tafasa na fita zubar da shara, sai ga ledata a kan katanga, da rabin burodin a ciki.

Mai Faci ya ce, "Ka gani ko, Tela? Har ya bar maka naka kason."

Na yanke wajen haƙorin, na sha shayina da sauran. Ku kuma da kuke birni, ku da jiniya ke wucewa ta ƙofarku safe da yamma, ku faɗa mini tsakani da Allah: a cikin masu tafiya da kukanta, wa ya taɓa bar muku rabi? In an tashi sauya shugabancin gandu, ni dai na san wanda zan tsayar. Ko ba komai, shi a cikin dajin yake kwana.